Killace Tsohuwar Akuya Kafin Ta Shiga Garke: Rajistar Aiki Daga Daura

Laraba, 30 ga Oktoba, 2024

Garken yana bayan garin Daura, ta hanyar Zango. Awaki 14 ne jajaye irin na Maraɗi: uwaye bakwai, bunsuru ɗaya, taure biyu da 'ya'ya huɗu 'yan wata biyu, sai tumaki uku da ke kwana tare da su. Manyan duka an yi musu rigakafin PPR, wata annoba ta awaki da tumaki, a farkon shekarar nan, 'ya'yan ne ba su isa ba tukuna. Mai garken yana son ƙara uwa ɗaya wadda ta saba haihuwa, kuma ranar Lahadi za a je kasuwar Mai'aduwa. Wurin killacewa aka fara haɗawa tun ba a ga akuyar ba.

An zaɓi kusurwar kudu maso yamma ta filin, kimanin mita 18 daga garke. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, saboda haka sai ta wuce garke sannan ta isa wurin baƙuwa. Ruwan da aka zubar a can ma ba ya gangarowa wajen sauran. Faɗin wurin mita 2 da 3, an kafa dirkoki, an zagaye da waya mai tsayin mita 1.2, aka ɗaura zana ta arewa da gabas don tare sanyi. An share ƙasan, an barbaɗa farar ƙasa, ba a zuba shimfiɗa ba, domin ana son a riƙa kwashe kashinta tas kullum.

Bokiti, komi, tsintsiya, shebur, igiya da takalmin roba duk nata ne ita kaɗai, an ɗiga musu jan fenti don kada yara su haɗa da na garke. A bakin ƙofa akwai faranti mai ruwan bilic, kashi 1 cikin ruwa kashi 9. Kullum ake sauya shi, kuma sai an kankare takalmi kafin a tsoma, don kashin dabba yana kashe ƙarfin bilic nan da nan. Mai ba da abinci zai gama da garke tukuna, baƙuwa ce ta ƙarshe, daga nan sai sabulu da ruwa.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Mai'aduwa kasuwar bakin iyaka ce. Dabbobin Nijar da na gida suna wuni a ɗaure kafaɗa da kafaɗa, suna shan ruwa a daro ɗaya, suna atishawa a fuskar juna. Ko da akuya ta baro gidan mai ita lafiya lau, daga yau ana lissafa ta a matsayin wadda ta haɗu da cuta.

An duba guda biyar, an bar huɗu. Ɗaya rabin hantsarta ya taurare, ɗaya tana da tabo a gindin kunne inda wani ƙurji ya taɓa fashewa, biyu kuma bayansu ya ɓaci da busasshen zawo. Wadda aka tsaya a kanta ja ce mai ƙaho, gashinta kwance, idonta garau. Dillali ya dafa bayanta ya ce, "Alhaji, wannan uwar tagwaye ce, haihuwarta biyu kacal. Larura ce ta sa mai ita ya fito da ita." Aka buɗe bakinta a gabansa. Haƙoran gaba takwas duk manya ne, sun fara cinyewa, na tsakiya sun fara barin tsakani. Akuya tana sauya biyun farko bayan ta shekara, ba ta cika takwas sai wajen shekara huɗu, cinyewa kuwa bayan nan take farawa. Wannan ba ta gaza shekara biyar ba, kuma akuyar da ta kai haka a ƙasar nan haihuwarta ta wuce biyu. Dillali ya yi dariya ya rage kuɗi.

Zancen larura yana iya zama gaskiya, domin mutane suna sayar da uwar kirki saboda asibiti ko biki. Amma uwar da ta yi ɓari sau biyu, da wadda nononta ya lalace, da juya, su ma a nan ake kawo su, kuma da bayani iri ɗaya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ba a haɗa ta da wasu dabbobi a mota ba, kuma da aka iso kai tsaye aka wuce da ita wurinta ta bayan fili. Harawa kaɗan da ruwa kawai aka ba ta. Babu dusa, babu magani yau.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Nauyi kilo 27, a sikelin rataye, an sa ta cikin buhu mai huda huɗu. Zafin jiki 39.2 ta dubura da ƙarfe bakwai na safe. Na lafiyayyar akuya yana tsakanin 38.5 da 39.7, kuma da safe ake aunawa kafin rana ta ɗaga, in ba haka ba zafin gari zai rikita lissafi. Numfashi 22 a minti. Tana tuƙa.

Dalilin da ya sa ake bin tsohuwa da hannu gaɓa-gaɓa shi ne cututtukan da take iya shigowa da su kashi biyu ne. Akwai masu gaggawa irin su PPR, ciwon huhu da ƙurajen baki, waɗanda in suna nan za su fito fili cikin mako uku. Akwai kuma masu kwanciya a jiki shekara da shekaru: bakkale mai sa ɓari, ciwon kaluluwa mai mugunya, ciwon ramewa na hanji, kumburin gwiwa, tsohon ciwon hantsa, da tsutsar da ta riga ta gagari magani. 'Yar wata shida ba ta daɗe a duniya ba balle ta tara waɗannan. Mai shekara biyar ta bi garke nawa, ta sha a rijiya nawa, bunsuru nawa ya hau ta? Zaman killacewa shi kaɗai ba ya fito da kashi na biyu, sai an nema.

An fara daga kai. Leɓe da dasashi babu ƙuraje, babu ɓawo. An shafa kumatu ta waje, matauna ba su da kaifin da zai hana ta tauna. An lalubi gindin kunne, ƙarƙashin muƙamuƙi, gaban kafaɗa, gaban cinya da saman hantsa, wuraren da kaluluwa ke kumbura, babu kulu ko ɗaya. Gwiwoyin gaba ba su kumbura ba, sai kanta irin ta durƙuso. Hantsa a bushe take, ɓangarorin biyu sun yi daidai, taushi ɗaya, kan nono biyun a buɗe. Fatar ido ta ƙasa ruwan hoda ce mai haske, lamba 3 a katin FAMACHA na gane ƙarancin jini, da aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu, wanda 1 ja ne sosai, 5 kuma fari fat. An sami kaska bakwai a ƙarƙashin wutsiya da tsakanin kofato, da ɗan ɓawo a gefen kunnen hagu mai kama da farkon ƙazuwa. Kofaton baya sun yi tsawo sun lanƙwashe, amma babu wari.

An ɗebi kashi kai tsaye daga dubura da safar hannu, ƙwaya goma sha biyu, aka ƙulle a leda aka sa cikin kula mai ƙanƙara zuwa ɗakin gwaji. Wanda aka tsinta a ƙasa ba ya amfani, ƙwan ciki yana ƙyanƙyashewa da zafi.

Talata, 5 ga Nuwamba

Sakamako: ƙwan tsutsa 900 a kowane giram. Adadin ba abin tsoro ba ne, sai dai a wannan wata ba a yarda da shi gaba ɗaya. Tsutsar nan mai shan jini a tumbi, idan rani ya shigo, ƙananan 'ya'yanta sukan lafe a bangon tumbi su daina girma har zuwa gab da damina. Wadda ta lafe ba ta yin ƙwai, gwaji ba zai gan ta ba.

Abin da ake gudu ya wuce tsutsar kanta. Idan a gidan da ta fito an shekara biyar ana ba ta magani iri ɗaya rabi-rabi, abin da ya rage a cikinta shi ne wanda maganin ba ya kashewa, kuma shi za ta zuba a filin nan. Shi ya sa aka haɗa iri biyu masu aiki daban a rana ɗaya. Likita ya ba ta lebamizol, ƙwaya ɗaya mai miligiram 300, wato kusan 11 a kowane kilo. Ba a wuce 12 ga akuya, domin tsakanin magani da guba a lebamizol babu nisa: dalala, rawar jiki, wani lokaci mutuwa. Sai allurar ibamektin mai kashi 1 cikin 100, mililita 1 a ƙarƙashin fata. Wannan kusan ninki biyu ne na abin da aka rubuta wa tumaki, da gangan, saboda jikin akuya yana saurin fitar da magani. Ibamektin ne ke kama waɗanda suka lafe, shi ne kuma na ƙazuwa.

Ba a ba ta albendazol ba, wani maganin tsutsar, duk da shi ya fi yawa a kanti. Ba a san ko tana da ƙaramin ciki ba, kuma yana lalata ɗan tayi a makonnin farko.

An cire kaska da hannu aka jefa cikin kananzir, aka fesa mata amitiraz, maganin kaska, yadda aka rubuta a kwalba, da hantsi don ta bushe kafin sanyin yamma. An yanke kofato har tafin ya kwanta daidai, aka tsayar da ita minti 15 cikin ruwan zinki salfet, kilo 1 a lita 10. Kashin kwana uku masu zuwa a rami za a binne shi, ba zai shiga takin gona ba.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Zafi 40.6. Ta bar rabin harawa, kunnuwa sun sauka, majina fara mai ruwa a hanci biyu, tari jefi-jefi. Numfashi 38.

Kwana biyar ke nan daga kasuwa, kuma PPR galibi tsakanin kwana huɗu da shida take bayyana, ko da yake a ƙa'ida ana ba ta har 21. Saboda haka har sai an ga akasi, PPR ake ɗauka. Cutar 'yar'uwar bushiya ce, annobar shanu, wadda aka bayyana kawar da ita daga duniya a 2011. An fara gano ta a Kodebuwa a 1942, kuma a garken da bai taɓa haɗuwa da ita ba tana iya kashe tara cikin goma. Tafiyarta sananniya ce: zazzaɓi, ruwan ido da majina da ke yin kauri har su manne fatar ido, gyambo a dasashi da harshe mai fari-farin ɓawo da wari, sai zawo bayan kwana biyu ko uku, sai huhu. Bairos ce, babu allurar da ke kashe ta.

Abu na biyu da ake zato shi ne ciwon huhun wahalar tafiya. Ƙwayoyinsa suna zaune a hancin lafiyayyar dabba, sai yunwar kasuwa, ƙura, mota da sanyin dare su ba su hanya zuwa huhu. Wannan yana jin magani.

Likita ya duba baki da tocila: dasashi, ƙarƙashin harshe da ganɗa duk lafiya. Ido a bushe. Kashi ƙwaya-ƙwaya. Ya yi mata oksitetrasaikilin mai dogon aiki, wanda ake kira LA, mililita 1 ga kowane kilo 10, wato 2.7, can cikin naman wuya. An ƙara zana ta yamma, an jiƙa harawa kaɗan don ƙura, an sa mata ganyen gawo da ruwa mai ɗumi. An hana kowa shiga sai mutum ɗaya, kuma an fara auna zafin garke duka kowace safiya, har da tumakin, don tunkiya takan ɗauki PPR da sauƙin alamu ta raba wa awaki.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Asabar 40.1, Lahadi 39.6, yau 39.3. Baki lafiya, babu zawo, majina ta ragu. An maimaita LA bayan awa 72, a ɗaya gefen wuyan. Yadda zafin ya sauka da allura, kuma kwana uku suka wuce babu gyambo babu zawo, ya fi kama da ciwon huhun tafiya. Duk da haka lissafin kwanaki ya koma farko. Daga gobe ake ƙirga 21, zai cika 3 ga Disamba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Da asuba an tarar da 'ya'ya biyu a cikin wurinta suna cin harawa a kominta. Ta ƙarƙashin waya suka shiga, inda ƙasa ta zaizaye tsawon tafin hannu. Su ne kuma marasa rigakafi, abin da suka samu daga nonon farko kawai ke kare su, shi ma yana raguwa daga wata uku. Ba a mayar da su garke ba. An yi musu ɗan keji daban da uwarsu, su ma za su yi kwana 21. An binne gindin wayar cikin ƙasa santimita 15, an jera duwatsu, an ƙara zagaye na biyu da tazarar mita 1.

Wata ɓaraka da ta fi wannan girma tana tafe. An gama girbi, unguwa ta fara sakin dabbobi cikin gonaki, kuma garken da ke yawo da na maƙwabta kullum yana haɗuwa da sababbin saye na wasu. An shawo kan mai garken ya ci gaba da ɗaure nasa har a gama, ana kawo musu harawa da kara. Ya yi ƙorafin kuɗin abinci, kuma da gaskiyarsa, amma killace ɗaya alhali sha huɗu suna yawon gari wahalar banza ce.

An fara ba baƙuwar dusa giram 100 a rana. Za a ƙara 50 duk bayan kwana uku har 300. Tsohuwar da aka saba da kiwon daji, in aka cika mata komi da dusa rana ɗaya, tumbinta zai yi tsami ya kumbura, sai a ɗauka wata cutar ce.

Talata, 19 ga Nuwamba

Kwana 14 da maganin tsutsa. An sake gwada kashi, ba a ga ƙwai ba. Abin da ake nema shi ne raguwar kashi 95 cikin 100 ko fiye, in ba a samu ba sai a sauya magani ta ci gaba da zama. An maimaita ibamektin saboda ƙazuwa, domin allurar farko ba ta kashe ƙwan da ke cikin fata. Ɓawon kunne ya zube, gashi ya fara tsirowa. Nauyi 26.5.

Yau aka ɗebi jini, mililita 5 daga jijiyar wuya, a kwalba marar maganin hana daskarewa, don gwajin Rose Bengal na bakkale. A wurin tsohuwar uwa da aka saya a kasuwa wannan ne gwajin da ya fi cancantar kuɗinsa. Akuyar da ke ɗauke da burusela, ƙwayar da ke kawo bakkale, takan yi ɓari sau ɗaya, galibi a wata biyun ƙarshe, bayan nan ta ci gaba da haihuwa kamar lafiyayya, amma duk haihuwa tana zubar da ƙwayar cikin ruwan haihuwa, mabiyiya da nono. Sauran uwaye su shinshina su lasa, bunsuru ya ɗauka ya zagaya. Mutum ma yana kamuwa, ta ɗanyen nono ko ta kama mabiyiya da hannu tsirara, ya yi ta zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, ana ta ba shi maganin maleriya da taifod. A dabba ba a yi mata magani. In gwaji ya nuna, ba za ta shiga garke ba, kuma mayar da ita kasuwa zalunci ne ga mai saye na gaba. An yi wannan magana da mai garken tun kafin a soka allura, don kada a zo ana ja-in-ja bayan sakamako.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Rose Bengal bai nuna komai ba. Za a maimaita bayan kwana 30, saboda sabon kamu ba ya fitowa a jini da wuri.

An ji kulu kamar girman goro a wuyanta ta dama. Mai ba da abinci ya so ya tsaga da reza, aka hana. Abin da aka fara dubawa shi ne mazauninsa. Kulun ciwon kaluluwa a kan kaluluwa yake fitowa, gindin kunne, muƙamuƙi ko daidai gaban kafaɗa, yana girma a hankali, ba zafi, gashin kansa ya zube, in ya fashe mugunyar mai kauri ce fara zuwa kore-kore, ba wari. Ƙwayar tana iya yin wata takwas a ƙasa, tana shiga wata dabbar ta ɗan rauni, kuma allura ba ta ratsa bangon ƙurjin. Wanda ya tsaga shi a tsakar garke ya shuka cutar da hannunsa. Wannan kulun kuwa a tsakiyar naman wuya yake, daidai inda aka yi LA ta biyu, kuma LA ta saba barin haka. An auna shi da zare, ana gasa shi da tsumma mai ɗumi safe da yamma. In ya ƙaru ko ya yi laushi, likita zai zuƙi abin ciki da sirinji a kai gwaji.

Ciwon kaluluwa yana iya yin wata biyu zuwa shida kafin kulu ya fito, saboda haka lalube zai ci gaba duk mako har bayan ta shiga garke. Haka ma ciwon ramewa na hanji da likitoci ke kira Johne: tun tana ƙarama ake ɗauka, sai ta wuce shekara biyu yake nunawa, tana ci tana ramewa, kuma a akuya ba lalle a ga zawo ba. Sikeli ne zai faɗa. Yau 27.5.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Rigakafin PPR. An jira ta yi mako biyu da warwarewa, don ba a yi wa marar lafiya. Nau'in Nigeria 75/1 ne, wanda asalinsa daga ƙwayar da aka samo a ƙasar nan a 1975, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana sarrafa shi. Mililita 1 a ƙarƙashin fata, kariyarsa tana kai shekara uku. Dillali ya ce an taɓa yi mata, amma babu shaida, kuma maimaitawa ba ta cutarwa.

Matsalar rigakafin nan zafi ne. Kwalba ɗaya ta dabbobi da yawa ce, in aka haɗa ta da ruwanta sai a ƙarar cikin awa biyu, tana cikin ƙanƙara, ba a ajiye ragowa. Don haka aka sanar da maƙwabta tun jiya, aka fara da nasu a ƙofar gida da sassafe, sannan 'ya'ya huɗun da yanzu suka kai wata uku, baƙuwa a ƙarshe da sabuwar allura. Hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar kawar da cutar, amma a unguwa abin da ke aiki shi ne kowa ya fito da nasa rana ɗaya.

Talata, 3 ga Disamba

Kwana 21 babu zazzaɓi. Kulun wuya ya koma rabi. An shigar mata da taure ɗaya daga garke, wanda dama na yanka ne. Zai ci a kominta ya kwana da ita mako biyu. Akuyar da ta warke daga PPR ba ta ci gaba da yaɗa ta, amma ciwon huhu mai yaɗuwa na awaki yana iya zama a jikin wadda ta warke, haka ƙurajen baki da ƙazuwa. In akwai abin da take ɓoyewa, gara ya fito a jikin taure ɗaya. Kukan kaɗaici da take yi da dare ma ya tsaya. 'Ya'ya biyun da suka yi kutse lafiya lau, jibi za su koma garke da uwarsu.

Talata, 17 ga Disamba

Taure bai yi tari ba, zafinsa bai wuce 39.4 ba, leɓe da fata lafiya. Ita kuma nauyi 29.5.

Tunda ta zo ba a ga alamar neman bunsuru ba, ba kaɗa wutsiya, ba kuka, alhali duk kwana 21 ya kamata ta nema. Likita ya tallafi cikinta ta dama gaban hantsa ya ji ɗa. A ƙiyasinsa cikin ya wuce wata uku, kuma da yake na akuya kwana 150 ne, haihuwa za ta faɗo wajen ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu. Yanzu albendazol ba shi da haɗari, an ba ta mililita 12 na mai kashi 2.5 cikin 100, wato miligiram 10 a kilo, saboda tsutsar hanta. Ba a san inda ta yi kiwo ba, kuma dabbar da ta sha a fadama ko bakin dam irin su Sabke da Daberam tana iya ɗauke da ita.

An matsar da ita da tauren zuwa keji mai waya ɗaya tsakaninsu da garke, su ga juna su shinshini juna.

Lahadi, 22 ga Disamba

Jinin da aka ɗiba ranar Alhamis shi ma bai nuna bakkale ba. Da hantsi aka buɗe mata, a fili mai faɗi, bayan kowa ya ƙoshi. An ɗaure bunsuru. An baza komi biyar nesa da juna don kada a tare mata abinci. Uwar garken ta zo kai tsaye, suka miƙe a ƙafafun baya suka haɗa ƙaho sau shida ko bakwai, baƙuwar ta ja da baya, magana ta ƙare. Karon goshi da goshi ba a raba shi, sai sun yi za su san babba. Abin da ake tsaye da sanda dominsa shi ne duka a ciki ko matse ta a lungu, tunda ita da uwaye uku duk suna da ciki. Da dare an mayar da ita kejinta da tauren, haka za a yi har kwana uku.

Alhamis, 26 ga Disamba

Tana kwana cikin garke, tana ci a komi na biyu, babu rauni. An kankare tsohon wurinta, an ƙone zanar da igiyar, an wanke bokiti da komi da bilic an kife su a rana, an sake zuba farar ƙasa.

Ba a rushe wurin ba, domin a can za ta haihu. Gwajin jini biyu sun rage shakka, amma akwai mai ɗauke da burusela da jininta ba ya nunawa sai ta haihu, kuma akwai wasu cututtukan ɓari da Rose Bengal ba ya gani. Daga 15 ga Janairu za a mayar da ita can, ko kafin nan in hantsa ta cika. Mai karɓar haihuwa zai sa safar hannu, mace mai ciki ba za ta shiga ba. Mabiyiya da shimfiɗar da ta jiƙe za a binne su a rami mai zurfin mita 1 da farar ƙasa a kai, inda kare ba zai tono ba. Za a tatsi kowane nono a baƙin faranti a duba gudaji ko jini kafin ɗa ya kama, kuma wanda mutane za su sha sai an tafasa. Za ta zauna har zubar bayan haihuwa ta tsaya, mako uku ko fiye, a ɗebi jini na uku kafin ta fito. In ta yi ɓari, ɗan da mabiyiyar za su tafi gwaji cikin leda biyu da ƙanƙara a ranar. Lalube da sikeli na gaba: Alhamis, 2 ga Janairu.